Neman Shawara: Ana Ciniki Amma Kayan Shago Na Raguwa, Me Zan Sa A Gaba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar saye da sayarwa ku taimaka mini da shawara. Ina da shagon kayan masarufi a cikin unguwa a nan Kano, daga kasuwar Singer nake saro kaya. Alhamdulillahi ciniki bai tsaya ba, tun safe har bayan isha'i mutane na shigowa. Abin da ke hana ni barci shi ne, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kantocin shagon sai ƙara yin fili suke. Gefen da taliya da makaroni ke kaiwa har rufi, yanzu ko rabi ba ya kaiwa. Madara da sukari kuwa sai na tara ciniki kafin in iya sarowa. Ga bashi a hannun maƙwabta da dangi, ga cefanen gida a shagon yake fita.

Ƙarshen watan nan ni ne da kwasar adashi, naira dubu ɗari takwas. Kowa da abin da yake ce mini: wannan ya ce firiza da sola, wancan ya ce in fara POS, wani ya ce in kama shago na biyu a bakin titi, wani kuma ya ce rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ita ce farko. Ina da iyali, ba na so in zuba kuɗin nan inda ba za su dawo ba. Wanne zan sa a gaba?

Tsohon Ɗan Singer:

Wa alaikumus salam ƙanina. Duk huɗun nan da aka lissafa maka babu na farko a ciki. Na farko shi ne ka tsare uwar kuɗi, domin abin da ka bayyana alama ce ta jari na zurarewa, kuma ciniki mai yawa ba ya hana hakan, sai ma ya ƙara masa sauri.

Bari in ba ka misali. Ka saro katan ɗin taliya a naira 10,000, ka sayar da shi ɗai-ɗai ka haɗa 11,000. A lissafinka ka ci ribar dubu ɗaya, har ka ɗauke ta ka yi cefane. Da ka koma kasuwa sai ka tarar katan ya zama 11,500, ga kuɗin ɗan sahu da na ɗan dako. Ka ga yanzu dubu goma ce a hannunka, ba za ta sayi katan ɗin ba. To haka kaya suke ɓacewa daga kanta ba tare da ɓarawo ya shigo ba. A lokacin da farashi ke hawa, kuɗin da za ka mayar da kaya shi ne ma'auni, ba kuɗin da ka saye su ba. Kafin ka buɗe shago ka kira wanda kake saye a wurinsa ka ji yadda kasuwa ta kwana. Amma ka ji tsoron Allah, idan farashi ya sauka kai ma ka sauke, mutanen unguwa suna gani.

Sai cefane. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda za ka yanka wa yaron shago. Idan aka aiko daga gida a karɓi sabulu ko man gyaɗa, a rubuta, a cire a albashinka. Na san da nauyi mutum ya rubuta wa kansa bashi a shagonsa, amma na ga manyan shaguna da suka rufe ba don rashin kwastoma ba, sai don aljihun gida da aljihun shago sun zama ɗaya. Kuɗin adashin nan, in ni ne, mafi yawansu zan mayar cikin kayan da ke fita kullum: sukari, madara, shayi, taliya, magi, omo, man girki. Kada ka sayi abin da zai yi kwantai don kawai shago ya yi kyan gani.

Matashi Mai Kanti:

Baba, da girmamawa, ni ina ganin firizar nan ba abin yarwa ba ce. A zafin Maris zuwa Mayu, ko lokacin azumi, ruwan leda da lemo mai sanyi su ne ke kawo mutane ƙofar shago, wanda ya zo sayen ruwa kuma zai haɗa da biskit ko burodi. Ribar da ke cikin abin sanyi ta fi ta taliya nesa ba kusa ba. Ni ita ta ɗaga ni.

Tsohon Ɗan Singer:

Gaskiyarka ɗana, akwai riba a sanyi. Amma firiza da farantin sola da batir za su iya lashe kuɗin nan gaba ɗaya, ya koma ga firiza ga kanta babu kaya. Kuma da sanyin hunturu ya shigo cinikin zai ja baya. Ya fara da kula, wato akwatin riƙe sanyi, ya riƙa sayen ƙanƙara, ya rubuta abin da sanyi ke kawo masa. Idan lissafi ya nuna, adashi na gaba sai ya saya.

Hajiya Mai Abincin Sayarwa:

Malam, ni a kan bashi zan tsaya, don nan ne mu masu sana'a a cikin unguwa muka fi jin jiki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba za ka ce ka hana shi kwata-kwata ba. Matar da mijinta bai dawo ba ga yara na kukan yunwa, ba ka da zuciyar da za ka kore ta. Amma a yi masa iyaka. Ka ware adadin da duka bashin shago ba zai wuce ba, kowane mutum kuma da nasa gejin. Wanda bai biya na baya ba, ba a ɗora masa sabo. Ma'aikaci mai jiran albashi ku yi ranar biya tun kafin kaya su bar hannunka.

Kuma ka rubuta a gaban mai karɓa, ka karanta masa: kwanon sukari ɗaya, gwangwanin madara biyu, ranar kaza. Idan wani ya ɓata fuska ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ba rashin yarda ba ne, tsare zumunci ne. Dangi kuwa, wanda ka san ba zai iya biya ba, gara ka ba shi abin da za ka iya daga albashinka a matsayin kyauta, ka samu lada, da ka rubuta bashin da zai sa ku daina gaisawa a wurin biki.

Tsohon bashin da ke waje kada ka bi shi da faɗa. Ka je gida ka gaishe su, ka ce su riƙa kawowa kaɗan-kaɗan duk mako.

Mai POS A Bakin Kasuwa:

Yallaɓai ka bambance abu biyu. Na'urar karɓar kuɗin ciniki daban, sana'ar cire wa mutane kuɗi daban. Ta farko ka nema, don tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da taransfa, kuma kada ka saki kaya sai ka ga kuɗi sun shiga asusunka, ba hoton da ke wayar mai saye ba. Ta biyu kuwa tana buƙatar jarinta na tsabar kuɗi, idan ka haɗa ta da kuɗin shago za ka rikice. Sannan tun 2024 hukumar CAC ta ce masu wannan sana'a sai sun yi rajista.

Malamar Lissafi:

Ina goyon bayan Baba, sai dai in ƙara abu ɗaya. Kafin kuɗin adashin su shigo, ka rufe shago da wuri wata rana ka ƙirga komai. Ka rubuta kuɗin kowane kaya a farashin sari na yau, ka haɗa da tsabar da ke akwati da na banki da bashin da kake da tabbacin za a biya, ka cire wanda ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya. Ka maimaita duk ƙarshen wata. Da wannan lissafin ne ma za ka san ko zakka ta hau kanka, ɗaya bisa arba'in idan dukiyar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ka tuntuɓi malami ya yi maka dalla-dalla. Rajistar sunan kasuwanci tana da amfani, za ta ba ka damar buɗe asusu da sunan shago, amma ko yau za ka iya ware asusu ɗaya da kuɗin shago kawai ke shiga. Shago na biyu a ajiye maganarsa tukuna, kuɗin hayar shekara kaɗai zai cinye rabon kaya.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, na ji daɗi ƙwarai. Zan yi ƙirgar nan kafin kwasa. Baba, maganar albashin ce ta tsaya mini: ta yaya zan san nawa zan yanka wa kaina? Ina tsoron lissafi ya nuna cewa shagon ba zai iya ɗaukar cefanen gidan duka ba.

Tsohon Ɗan Singer:

Ka ɗauki wata guda kana rubuta ciniki da duk abin da ya fita. Ka cire kuɗin mayar da kaya, kason haya na wata, wuta, dako da haƙƙin yaro in akwai. Ragowar ka raba uku: biyu na gida, ɗaya ya koma shago. Idan kason gida bai isa ba, ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata littafin, ku duba abin da za a rage tare, ko wata sana'ar cikin gida da za ta tallafa, kamar ƙullin zoɓo da kunun aya da za a sa a kular nan. In ka gama ƙirgar ka dawo nan ka faɗa mana kayan da suka fi fita, sai mu taya ka tsara yadda za ka raba dubu ɗari takwas ɗin.