Yaya ake fitar da iyakar ƙasan kwari a yankin tsaunuka?

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Assalamu alaikum, malamai. Ina bincike a kan wani kogi da ke ratsa tsaunuka, kuma ina so in raba shi gida-gida, wato inda duwatsu suka matse shi da inda kwarin ya buɗe har ya samu fadama. Bayanan SRTM, masu nuna tsayin ƙasa, nake amfani da su a manhajar zana taswira ta QGIS, amma iyakar da na fitar ba ta dace da abin da nake gani a hoton tauraron ɗan'adam ba. A ina kuskuren yake?

Mai Safiyo:
Wa'alaikumus salam. Malama, a ganina matsalar daga bayanan take. Kumbon Endeavour ne ya tattara su da rada a watan Fabrairun 2000, kuma kowane ɗigo a taswirar yana wakiltar faɗin kimanin mita 30 a ƙasa, don haka kwazazzabon da faɗinsa bai kai haka ba sai ya narke cikin gangaren da ke gefensa. Ƙari a kan haka, inda daji ya yi duhu, saman bishiyoyi radar take gani maimakon ƙasa. Idan akwai bayanan LiDAR (awon tsayin ƙasa da hasken laser) masu ɗigon mita ɗaya a yankinki, su ne magani.

Masanin Koguna:
Ina tare da Malam, sai dai ko da bayanai masu kyau hanya tana da muhimmanci. Ki gwada HAND, wadda masu bincike a Brazil suka fito da ita a 2008, tana lissafa tsayin kowane wuri a kan magudanar ruwa mafi kusa da shi, sannan ki zaɓi tsayin da ambaliya ke kaiwa ya zama iyaka. Ki kula da gadoji da kwalbatoci, domin kwamfuta tana ɗaukar su tamkar madatsa. Na taɓa ganin titi guda ya mayar da ƙaramin rafi tafki a taswira, har sai da aka yanka masa hanya da hannu. Daga nan ki raba faɗin kwarin da faɗin kogin lokacin da ya cika gaɓa zuwa gaɓa. Da yawa suna ɗaukar inda amsar wannan lissafin ta gaza 2 a matsayin matsattsen wuri.

Mai Nazarin Kifi:
Buɗaɗɗun wuraren nan su ne abin nema a wajenmu, domin a nan ruwa ke rage gudu ya zubar da tsakuwa, kuma a cikin tsakuwar kifin salmon ke binne ƙwansa. Ki je da ƙafarki ki auna wurare kaɗan kafin ki amince da taswirar.