Na yi rantsuwar canjin suna a kotu, amma har yanzu takarduna sun ƙi daidaita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san kan wannan lamari ya taimaka mini.

Tun a firamare malamin da ya yi mana rajista ya liƙa mini sunan garinmu a madadin sunan mahaifina, kamar yadda aka yi wa yara da yawa a Arewa. Haka ya bi ni har takardar WAEC da ta digiri. A NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) kuwa sunan yankana ne da na mahaifina, BVN (lambar tantancewa ta banki) kuma babu Muhammad ɗin da ke farkon sunana. Mutum ɗaya, suna uku.

Na je babbar kotun jiha, na yi rantsuwa gaban kwamishinan rantsuwa, aka buga hatimi, na kuma buga sanarwa a jarida. Da na kai banki sai aka ce sai BVN ya dace da NIN tukuna. Ga shi fasfo nake nema, shi ma da NIN ake yinsa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani lauya da ya tuna mini shari'ar Bayelsa ta 2020, inda Kotun Ƙoli ta soke zaɓen gwamna saboda sunaye mabambanta a takardun mataimakinsa. A cewarsa rantsuwa kaɗai ba ta wadatar ba, sai an yi takardar canjin suna ta lauya an saka a gazet, wato mujallar sanarwar gwamnati.

To wanne zan fara gyarawa, NIN ko BVN? Takardun makaranta fa, haka zan bar su in riƙa haɗawa da takardar kotu? Allah ya saka da alheri.