Ɓerata ta haifi 11, yanzu saura 9: ina neman shawara

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina kiwon farin ɓera a nan Zariya, ina kai wa wani dattijo da ke ajiye mesa guda biyu. Shekaranjiya da asuba macen ta yi haihuwar fari, 'ya'ya 11, jajaye wur, babu gashi, ido a rufe. Jiya na kwashe su da hannu na canja ɓuntun shinkafar kejin saboda jini, na mayar da su. Yau da safe na ƙirga 9, kuma na ga guntun jikin ɗaya a lungu. Uwar sai jigilar sauran take daga wannan kusurwa zuwa waccan. Namijin yana ciki tare da su. Abin ya dame ni ƙwarai, don ko da abincin maciji za su zama, ba na son su wahala a hannuna. Me zan yi?

Wani dattijo mai kula da ɗakin dabbobin gwaji:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka gama karanta wannan, je ka fitar da namijin. Macen ɓera tana iya ɗaukar wani ciki cikin kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, cikin kuma kwana 21 zuwa 23 ne kawai. Ka ga ke nan tana yaye waɗannan, wasu na faɗowa, jikinta bai huta ba. Mai yiwuwa ma aikin gama ya gama, don haka ka rubuta ranar a jikin keji ka riƙa ƙirge.

Canja shimfiɗar nan shi ya tayar mata da hankali. Ɓera da hanci take gane sheƙarta, ka share mata warin, shi ya sa take yawo da su. Sati guda kada ka sake taɓa wurin da suke. Inda ya jiƙe da fitsari kaɗai za ka ɗebe da cokali. Ka rufe rabin kejin da tsohon zane, ka hana yara leƙe.

Batun cinyewa kuwa, sau da yawa wanda ya riga ya mutu take ci, don tsaftace sheƙa. Amma ƙishirwa da ƙarancin abinci mai gina jiki suna sa ta cinye mai rai. Ka duba robar ruwanta yanzu, ka taɓa bakin da yatsa ka tabbatar yana ɗiga. Na sha ganin roba cike fal amma bakinta a toshe.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni zan ƙara maganar ciki. Mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba, kada kwanonta ya kwana babu komai. Ina ba nawa abincin 'yan tsaki, in haɗa da kwatan dafaffen ƙwai kullum, wani lokaci busasshen kifi marar gishiri. Ƙuli-ƙuli ma yana yi, sai dai wanda ya yi fumfuna guba ne, ka shinshina tukuna. Abincin kajin ƙwai ban yarda da shi ba, sinadarin ɓawon ƙwai ya yi masa yawa.

In kana son sanin ko suna samun nono, duba cikinsu ta gefe. Fatarsu shara-shara ce a kwanakin farko, za ka hango farin tabo, madarar ce. Nononta 12 ne, tara ba za su gagare ta ba. Sannan don Allah kada ka sa mata auduga, zarenta yana naɗe ƙafar jariri har ta tsinke. Yayyaga mata farar takarda, ita za ta yi gininta. Da hunturun nan, wanda ya gangaro waje minti kaɗan yake sandarewa, domin ba su iya ɗumama jikinsu ba tukuna.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
To Hajiya, in na ga ɗaya ya gangaro, in bar shi ke nan? An ce in ka taɓa, uwar ta ƙi shi.

'Yar'uwar Kaduna:
A'a Malam, ɗauke shi. Wanke hannu, ka murza shi da ɓuntun kejin, ka mayar da ɗan cikin 'yan'uwansa. Farin ɓera da ya saba da mutum ba ya cika ƙin ɗansa don taɓawa ɗaya, har na wata uwar yakan karɓa ya shayar. Yawan damu ne ba ta so, musamman mai haihuwar fari.

Dattijon ya ƙara:
Wajen kwana 14 idonsu zai buɗe, su fara lasar abincin uwa. Lokacin ka duba ramukan wayar keji, suna zurarewa. Kada ka yaye kafin kwana 21, ni nakan kai 28. Kafin sati biyar ka raba maza da mata. Ka bar uwar ta huta sati biyu ko uku kafin ka mayar da namiji.

Abu biyu da ba ka tambaya ba. Ka adana abincinsu a bokiti mai murfi, kada ɓeran daji ya kusanci wurin, don wani jinsinsa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Sannan ka gaya wa dattijon naka kada ya jefa wa mesa babban ɓera da rai ya tafi. Ɓeran yana shan azaba, kuma yakan gartsa wa macijin cizo. A kashe shi farat ɗaya tukuna. Annabi (SAW) ya umarce mu da kyautata kisa da yanka.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Baba da Hajiya. Na fitar da namijin. Bakin robar kuwa a toshe na same shi, ina gyarawa ta kama sha kamar ba za ta daina ba. Yanzu ta tara taran wuri guda ta kwanta a kansu, na hango farin tabon a cikin bakwai. Biyun suna ƙarƙashinta, zan duba su gobe in ta tashi cin abinci.