Garin gero daga injin niƙa yana tayar wa ɗiyata ciwon celiac

Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar ɗiyata na da cutar celiac, ya hana ta alkama da sha'ir saboda sinadarin gluten da ke cikinsu, wanda jikin mai cutar ba ya jurewa. Ranar 16 ga Mayu za mu je tattakin tara gudummawa da wayar da kai kan cutar, duk gidanmu, kuma ina son ta riƙe guzurinta.

Gero da shinkafa ba su da gluten, amma duk lokacin da na kai niƙa na yi mata masa ko fura, cikinta sai ya kumbura, gudawa ta biyo baya. Injin unguwarmu yana niƙa alkama ma. Na roƙi mai injin ya share, bai hana ba. Dakan turmi kuwa garin ba ya laushi.

Don Allah, wace na'urar niƙa ta gida ce ke fitar da garin gero mai laushi?