Ledar ruwa, gwangwani da tarbiyyar yara

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi hutu, yara sun cika gida, leda kuma ta cika mana lungu har bakin rijiya. Wace dabara kuke yi yaro ya daina yar da abu barkatai, ya koyi tattali? Faɗa kam ba ya shiga kunnensu.

Malamin firamare, Ringim: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ba hannunsu aiki. Kowane yaro ya tsinto ledar fiyawata goma, a yanke bakinta, a huda gindinta wuri biyu ko uku, a cika da ƙasa gauraye da busasshen taki, a sa irin zogale ko darbejiya. A jera su a inuwa, ban ruwa da safe. Zogale cikin mako ɗaya zuwa biyu ya tsiro. Sharaɗin shi ne kowa da layinsa, wanda ya yi sakaci nasa ya bushe kada a raba masa na ɗan uwansa. Nan ne darasin yake. In damina ta kankama sai a dasa, amma a yage ledar tukuna, a tara ta wuri ɗaya. Da ma Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 da ake aikin dashen bishiyoyi don tare hamada.

Baban Khalifa, Dambatta: Ni mahauci ne, ga abin da nake gani. Sau da yawa sai mu fede tunkiya ko saniya mu tarar da leda a cikin tumbinta, ta dunƙule, ta yi baƙi, wani lokaci har da guntun igiya. Dabba ta yi ta rama, mai ita yana ta sayen magani. Na taɓa kiran yaran unguwa na nuna musu da idonsu. Yaron da ke da akuyarsa ta kansa, in ya ga wannan, ba sai an ce masa ya tsince leda a turke ba.

Maman Abba: Subhanallahi. To shi ya sa.

Kawu Manomi: Duk na yarda, amma a yi hattara da maganar 'yan gwangwan. Tunda yara suka gane ƙarfe kuɗi ne, garma ta fara ɓata, murfin tukunya ya fara ɓata, har ƙofar langa-langar kango ba ta tsira ba. Ba na zagin sana'ar, mutane da yawa da ita suke ci da iyali, kuma gwangwanin alminiyam da suke tarawa shi ake narkawa a yi mana tukwane. Amma yaro ba ya bambance yasasshe da ajiyayye sai an koya masa. A gidana doka ɗaya ce: duk abin da ka tsinto ka kawo in gani, in akwai mai shi ka mayar da ƙafarka, in babu ka sa a buhu. Ranar sayarwa ni zan tsaya a kan sikeli. Kuɗin kuma asusu za su shiga, shi ma gwangwanin madara ne muka huda.

Malamin firamare, Ringim: Kawu, wannan ita ce maganar. Tsintuwa ma a addini sai an yi cigiya.

Inna ta Gumel: Ku 'yan yanzu kun mai da shi sabon abu. Mu da tsumma muka yi 'yar tsana, maza su yi mota da karan dawa. Jikokina na koya musu tufka igiya da zaren tsohon buhu. A warware shi, a murza a cinya, a tufke, ta ɗaure akuya lafiya lau. Muna yi ina musu tatsuniya, ba wanda ke tashi. Kuma ba na biyansu ko sisi. Ba kowane aiki ake ba yaro lada ba, in ka saba masa, gobe ko ruwa ka aike shi sai ya miƙo hannu.

Anti Nas: Ni ma'aikaciyar lafiya ce, don Allah akwai abubuwan da ba na sake amfani ba ne. Robar maganin feshi ko ta maganin ciyawa kada a zuba mata ruwan sha ko mai, ko an wanke ta sau nawa ne. Tsohon batir kada yara su fasa shi, na mota da na sola akwai dalma a ciki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Sirinji da allura ko kusa. Sannan mata, mu daina hura wuta da leda, hayaƙin nan yaron da ke goye ne ke shaƙa.

Baban Khalifa, Dambatta: Malaman Islamiyya ma a sa su ciki. Hadisin kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne, yara sun haddace shi. A fitar da su ranar Alhamis su aikata shi a hanyar masallaci.

Maman Abba: Allah Ya saka da alheri. Malam, irin zogalen sai an jiƙa shi ne?

Malamin firamare, Ringim: Ki jiƙa shi kwana ɗaya in kina son ya yi saurin fitowa. Kada ki binne shi da zurfi, gaɓar yatsa ɗaya ta isa, kuma ki kange wurin da ƙaya saboda awaki.