Zuwa Sudan horar da shugabannin ikilisiya, ku ba ni shawara

Ɗan Filato: Salama jama'a. Cocinmu na so ya tura mu Sudan mu uku mu yi wa fastoci da dattawan ikilisiya horo na sati biyu, ni kuma ban taɓa fita waje ba, Larabci ma sifiri. Waɗanda ke can don Allah me ake ciki?

Mazaunin Bur Sudan: Ɗan'uwa sannu da niyya, amma ka san tun Afrilun 2023 ake yaƙi ko? Sai cocin da ya gayyace ku ya aiko takarda kafin maganar biza, katin rigakafin zazzaɓin shawara ma kar ka manta, kuma kuna sauka a yi muku rajistar baƙi. Ku riƙo dala a hannu, katin ATM ɗinka ba zai yi aiki ba, mu nan Bankak, manhajar banki ta waya, muke ta amfani da ita.

Mama Gadarif: Ɗana Hausa za ta yi maka ciniki a kasuwa, Hausawa sun cika Gadarif da Kasala, amma kusan duka Musulmi ne, a coci kuwa mutanen Dutsen Nuba ne suka fi yawa, da Larabci ake sujada. Ka nemi tafinta wanda ya san Littafi Mai Tsarki, ba kowane mai jin Turanci ba. Kuma kar ku zo da girman kai, 'yan mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) da suka kafa cocin COCIN a Najeriya sun yi aiki a Heban da ke Dutsen Nuba tun wajen 1920, akwai fastocin da za su koya muku haƙuri.

Ɗan Filato: Na gode Mama, wallahi ban san da zancen SUM ɗin nan ba. Tafintan nan, mu za mu biya shi ko cocin da ya gayyace mu?