'Yata za ta zauna a wani ƙauyen Faransa, yaya zaman can yake?

Maman Hajara, Aboabo
Assalamu alaikum. 'Yata ta kammala karatun Faransanci a jami'a, kuma ta samu aikin taimaka wa malaman Turanci na wata 7 a Faransa, daga Oktoba zuwa Afrilu. Ba birnin Paris aka tura ta ba, masaukinta yana wani ƙauye a yankin Burgundi wanda mutanensa ba su kai 600 ba. Yarinyar da ta tashi a zango, cikin hayaniyar dangi da kiran salla, hankalina bai kwanta da zamanta a can ba. Ina roƙon wanda ya taɓa zama a irin wannan wuri ya faɗa mini gaskiya.

Baban Sadiku, Asawase
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi aikin tsinkar inabi a wannan yanki shekaru da dama, a watan Satumba. Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, fiye da rabinsu mutanensu ba su kai 500 ba, amma kowacce tana da magajin garinta da ake sabunta zaɓensa bayan shekara 6. A tsakiyar ƙauye za ta tarar da coci, da ofishin magajin gari, da wani dutse da aka rubuta sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, in an yi sa'a kuma da gidan burodi.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne shiru. Da azahar kantuna suna rufewa kusan awa 2 don cin abinci, ranar Lahadi da yamma kuwa sai ka ratsa gari ba ka haɗu da kowa ba, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5. Babu tirotiro (ƙaramar motar haya) da za ta tsaya bakin titi ta tare kamar a tashar Kejetia ta Kumasi, bas yana iya zuwa sau 2 kacal a yini. Mutanen ba sa saurin sakin jiki da baƙo, amma suna daraja gaisuwa kamar mu. Idan ta shiga kanti ta fara cewa "bonjour" kafin komai. Wata tsohuwa da na riƙa gaisarwa kullum, bayan mako 3 ta fara ajiye mini ƙwai a bakin ƙofa, kuma har yau ina tuna ta da alheri.

Anti Malama, Sabon Zango
Yaya, akwai maganar da ya kamata ku tattauna kafin ta tashi. Tun dokar 1905 Faransa ta raba addini da hukuma, don haka wadda ke koyarwa a makarantar gwamnati ba ta sa hijabi a bakin aiki, ko da yake a titi da kasuwa tana da damar sakawa. Naman halal da masallaci sai ta je babban gari irin Dijon, kuma ta riƙa tambaya kafin ta ci abincin da aka ba ta, domin naman alade da giya suna shiga girkinsu sosai.

Maman Hajara, Aboabo
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Batun hijabin ban taɓa jinsa ba, yau da daddare zan zaunar da ita tare da mahaifinta. Baban Sadiku, wace irin rigar sanyi ya kamata mu saya mata tun daga nan Kumasi?